An Ce Tana Safo

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Hamisu, ta laka kuwa, wadda ko tari aka yi a can sai mun ji. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Da kunnena na ji, da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Duk direban da ke lodi daga Madarumfa zuwa Ɗan Issa ko Maraɗi ya san rumfar Rakiya mai kifi a bakin tasha. Tuwo take yi da miyar kifin tabki, irin miyar da mutum zai suɗe kwano bai ji kunya ba. Yayar Hamisu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu ta kafa murhu. Da motar Hamisu ta mutu, sai ya jawo kujera ya zauna bakin rumfar, wai shi ne mai kula da harka. Ita ke daka, ita ke girki, ita ke zuba wa mutane. Shi aikinsa gaisawa da direbobi da riƙe aljihu. In na yi mata tsiya a kan haka sai ta yi dariya ta ce, "Bushira, bar shi. Ni na goye shi."

A daminar da ciwon zawo da amai ya shigo gari, kowa ya shiga taitayinsa. Aka kafa tantuna a harabar likita, wato asibitin garin, mota mai lasifika tana zagaya unguwanni tana cewa a wanke hannu da sabulu, a sha ruwan pampo. Tasha ta yi tsit, masu tafiya suka ragu, wanda ya zo ma tsoron abincin waje yake. Masu ƙananan sana'a kowa ya nemi dabarar rayuwa. Mai shayi ya koma tafasa kofunansa a gaban mutane. Ni da ke sayar da zoɓo mai ƙanƙara na kashe firigo, wato firjina, na koma tuyar ƙosai kusa da rumfar Rakiya, don abin da ya fito daga wuta shi kaɗai ake yarda da shi.

Dabarar Hamisu kuwa, sai ya sallami mai ga-ruwan da ke kawo musu ruwan pampo. Ya ce wa Aliyu, mai amalanken da ke ɗauko kifi daga bakin tabki kowace safiya, ya riƙa haɗowa da jarkokin ruwan tabkin.

Ina shara a tsakar gida na ji su, shi da Rakiya.

"Hamisu, ruwan tabki hwa? Cikin wanga hali?"

"Yaya, wuta na kashe komi. Shi kakanninmu sunka sha."

"Miya ce ke hawa wuta. Kwanukan hwa? Ruwan da baƙi za su sha hwa?"

"Ciniki ya mutu. In kin san inda za ki samo na pampo kyauta, samo."

Ta yi ƙoƙarinta, wannan na shaida. Tana tafasa abin da za ta iya tafasawa, amma itacen ma a hannunsa yake, ƙirga mata yake yi. Ba a daɗe ba direbobi biyu suka kwanta. Ɗaya ya tashi. Ɗayan, Adamu, mai iyali, bai tashi ba. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta cika gari cewa abincin da ya ci na ƙarshe a rumfar Rakiya ya ci. Washegari ko ƙuda bai sauka a kan bencinsu ba.

Sai ga Hamisu ya fito tasha da hantsi, ya sa farar riga, ya tsaya inda direbobi ke zama. Ina gaban kaskona ina jin komai. Ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya.

"Jama'a, abin da zan hwaɗi da ciwo, amma gaskiya ta hi 'yan'uwantaka. Kun san Yaya ta tahi Jibiya gaisuwar mutuwa kwanan baya. Can ta ɗauko shi. Yana jikinta, ita bai kada ta ba, amma tana ba mutane. Na sallame ta, na aika ta Safo wurin gwaggonmu. Kayanta duk na ƙone. Daga yau matata Sakina ke girki, da sabbin kwanuka."

Ya kawo bokiti mai famfo da sabulu ya girke a gaban rumfa, yadda kowa zai gani. Mutane suka yi ta jinjina masa. Wani dattijo har ya ce ba kowa ke iya fifita jama'a a kan jininsa ba. Ni dai na ce a raina yaushe aka fita da ita ban ji ba.

Da asubar washegari na ji daka a bayan katanga. Kowace mace da irin dakanta, kuma na Rakiya ba ya ɓuya. In ta yi 'yan duka sai ta buga taɓarya a bakin turmi, ƙwal, ta kakkaɓe, sannan ta ci gaba. Sakina kuwa na san ta, ko barkono za ta daka sai ta huta sau biyu. Can kuma ƙamshin daddawa da kimba ya tsallako. Na kife turmina na hau, na leƙa.

Ga ta nan a lungun bayan ɗakuna, inda suke ɗaure awaki da, an kewaye da zana. Ta ɗago ta gan ni, ta sa yatsa a baki.

"Yi a hankali, Bushira. Hamisu ya ce mutanen lahiya na neman wadda ta dahwa abincin Adamu, za su kai ni jandarma. Shi ya ɓoye ni nan. Ya ce ma mutane na yi tahiya. Allah shi yi mai albarka, da ban san yadda zan yi ba."

Wallahi da na iya haɗiye maganar da na haɗiye, amma ta fi ƙarfin maƙogwarona. Na faɗa mata abin da ya ce a tasha, ban rage komai ba. Ta tsaya da taɓarya a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni sau biyu, "Hamisu? Da bakinshi?" Sannan ta zauna a ƙasa, ba ta ko duba inda ta zauna ba.

Da ya dawo da rana ta tare shi. Na sake hawa kan turmi, kuma ya gan ni, bai damu ba.

"Ni na kashe Adamu, Hamisu?"

"Wa ya ce kin kashe shi? Yaya, ki gane mana. Mutane na son abin da za su nuna da yatsa. In na ce ruwa ne, rumhwa ta mutu har abada. In na ce ke ce, kuma kin tahi, gobe za su dawo. Ga shi sun hwara dawowa."

"Sunana hwa?"

"Suna ba shi ciwo. In ciwon ya wuce sai mu ce kin warke kin dawo. Wa zai tuna?"

Sakina ta fito daga ɗaki da goyo, ta sa baki. "Yaya, ki dubi yaran nan. Ba don kanmu muke yi ba. Ke ba ki da ɗa, ba ki da miji, wa za a ƙi aure don sunanki ya ɓaci? Mu kuwa muna da ɗiya mata."

Wannan maganar ta fi ta Hamisu shiga jikinta, na ga yadda ta runtse ido. Yaran da ake faɗa ita ke yi musu wanka, a ɗakinta suke kwana. Ta dube su suna wasa a gindin rumbu, ta tashi ta koma bakin murhu. Da yamma ta kira ni jikin katanga ta roƙe ni don Allah da Annabi kada in tona. "In rumhwa ta rufe, mi za su ci? Bari damina ta wuce."

Haka aka zauna. Rakiya na girki a lungun awaki, Sakina na ɗaukar tukunya ta kai tasha, ta ɗaura sabon kallabi ta zauna tana zubawa. Ciniki ya dawo har ya so ya fi na da, don yanzu rumfarsu ce ake kira mai tsabta. Ina tuya ina jin direbobi suna santi. Bala, abokin marigayi Adamu, shi ya fi kowa baki.

"Kai, Sakina, ashe ke ce gwanar, anka ɓoye ki! Wagga miya ta hi ta waccan matar nesa ba kusa ba. Ita har wani ƙarni-ƙarni take."

Sakina ta yi murmushi ta ce, "Sai godiya." Ko ƙwarewa ba ta yi ba.

Duk abin da aka faɗa a tasha, yara na kawo shi gida, kuma Rakiya na ji. Ta ji cewa Hussaina, matar Adamu, ta ɗaga hannu a zaman makoki ta ce Allah ya isa tsakaninta da Rakiya mai kifi. Hussainar da Rakiya ta yi wa girkin suna har sau uku, ba ta karɓi ko tsinke ba. Ta so ta je ta yi mata gaisuwa, Hamisu ya ce mutumin da ke Safo ba ya zuwa gaisuwa a Madarumfa. Aka yi haihuwa a unguwa, ba ta leƙa ba. In baƙuwa ta yi sallama, sai Sakina ta yi tari, Rakiya ta bar tukunya ta shige ɗakin kaji ta tsuguna har a tafi. Mace mai furfura, a gidan da aka binne cibiyarta.

Ta rame. Ta daina dariyar nan tata. In na miƙa mata ƙosai ta saman katanga sai ta karɓa ta ba yara. Ruwan tabki kuwa bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu ta ƙofar baya yake shiga. Bokitin da ke gaban rumfa da randar baƙi su kaɗai ake cikawa da na pampo, don Hamisu ya tsorata da direbobi. Na cikin gida, su da Allah. Nakan miƙa mata bokiti daga namu, shi ma yaran take ba, ita ta sha abin da ya samu.

Ran nan da asuba ban ji daka ba. Na jira ƙwal ɗin nan har gari ya waye, shiru. Sai wani sauti da duk wanda ya zauna a garin nan cikin daminar ya sani, na mai amai. Na hau turmi, ban ga kowa a lungu ba. Na kira Sakina, ta ce zazzaɓi ne, an ba ta jiƙo. Ta ɗumama miyar jiya ta fita da ita tasha kamar ba abin da ya faru.

Da hantsi na kasa zama. Na zagaya na tura ƙofa na shiga ba sallama. Na same ta a kan tabarma a ɗakinta, ita kaɗai, zaninta sharkaf. Idanunta sun faɗa, muryarta ta dushe kamar ta wadda ke magana daga cikin rijiya. Na ja fatar hannunta, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Na dama gishiri da sukari a ruwan gidanmu ina ɗura mata, yana dawowa. Ina cikin haka Hamisu ya shigo da ƙwayoyi a leda, irin na masu tebur.

"Wa ya ba ki izinin shigo mani gida?"

"Ɗauko amalanke mu kai ta likita. Yanzu."

"Bushira, ki yi hankali. Matar da ke Safo, ta yaya za ta hito daga gidana? In anka gan ta, mi zan ce ma mutane? Za su zo su hesa gida, su rufe rumhwa. Ga magani na kawo. In Allah ya so zuwa gobe ta miƙe."

"Gobe? Dube ta, Hamisu! Wagga ce ta goye ka!"

"Rai na hannun Allah. Ko a likita ana mutuwa."

Na miƙe na gyara ɗaurin zanina. Na ce masa in bai fita da ita ba, daga nan tasha zan nufa, in tsaya inda ya tsaya ran nan in faɗi komai, har ruwan tabkin. Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Nan take ya sauke murya, ya zama mutumin kirki.

"Shi ke nan, kin hi ni gaskiya. Ki yi gaba ki shaida masu su shirya gado. Bari in kira Aliyu, ga mu nan bayanki."

Na durƙusa na ce mata, "Yaya Rakiya, ga mu nan za mu likita." Ta riƙe yatsana, ta gyaɗa kai. Na fita da gudu.

Daga gidansu zuwa likita ba wata tafiya ba ce, ko tsohuwa mai sanda ba za ta huta a hanya ba. Na isa na shaida wa majo, babban ma'aikacin wurin. Ya sa aka shirya gado, aka rataya ruwan ƙari. Na tsaya bakin ƙofa ina duban hanya. Aka kira azahar, ba su ba alamarsu. Na koma gidan a guje, na tarar da Sakina ta dawo tana wanke tabarma. Ta ce ai sun daɗe da fita. Na sake komawa likita, ba su. Na bi lungu-lungu ina tambaya kamar mahaukaciya, ba wanda ya ga amalanke da mara lafiya.

Sai bayan la'asar na hango su. Ba daga unguwarmu suke ba. Daga hanyar Safo suka ɓullo, suka ratsa ta tsakiyar tasha a hankali, Hamisu na gaba yana share hawaye da hannun riga, yana ɗaga murya. "Daga Safo anka aiko mani! Ciwon ya kada ta a can! 'Yar'uwa ce, ba ni iya barin ta!"

Aliyu mai amalanke ne ya ba ni sauran labarin daga baya, yana rantsuwa bai san haka abin zai zama ba. Ta ƙofar baya suka fita da ita, aka lulluɓe ta da ciyawar awaki. Suka bi ta cikin gonaki, inda gero ya yi tsawo ba mai ganinsu, don su zagaya su hau hanyar Safo daga nesa. Amalanken ya kafe a laka, suka daɗe suna turawa. Ya ce yana jin ta a ƙarƙashin ciyawa tana cewa, "Mun iso?" Hamisu na ce mata, "Saura kaɗan, Yaya." Sai da suka hau hanya sannan ya kwashe ciyawar.

Ma'aikata sun yi iya yinsu. Suka nemi jijiya a hannu, suka nema a ƙafa. Majo ya juyo ya ce da an kawo ta da rana, da yanzu tana zaune. Kafin magariba ta cika.

Nan na fasa ihu. Na faɗi komai a gaban kowa, lungun awaki, ruwan tabki, ciyawa. Hamisu ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce a yi mani uzuri, baƙin ciki ne ya taɓa ni. Mutanen lafiya dai sun ji ni, sun je sun fesa gidan. Amma gari ya ga namiji na hawaye, ya ga amalanke ya fito daga hanyar Safo. Aka ce mai ƙosai ce ke kishin ciniki. Ma'aikata suka yi mata wanka da ruwan magani, mutane kaɗan suka kai ta. Mata ba su zo zaman makoki ba, wa zai zauna makokin wadda ta kashe Adamu?

Bayan sadakar uku Hamisu ya buɗe rumfa. Sakina ta kawo tukunya, ta ɗaura kallabinta. Direbobi suka cika benci, har da masu zuwa don su yi masa gaisuwa. Bala ne farkon wanda aka zuba wa. Ya wanke hannu a bokitin nan mai famfo, ya yanko tuwo ya dangwala. Ya tauna. Ya sake dangwalawa, ya tsaya. Na kusa da shi ma ya tsaya. Miyar ruwa gefe, mai gefe, kifin ya dagargaje yana ƙarni.

"Sakina, wa ya yi wagga miya?"

"Ni mana."

"To, wadda muke sha tun ran da anka ce Rakiya ta tahi Safo, wa ke yin ta?"

Sakina ta sunkuyar da kai tana juya ludayi. Hamisu ya fara cewa ai makoki ne ya taɓa mata hannu, amma bai kai ƙarshen maganar ba. Bala ya ture kwanon, ya tashi ya zo gaban kaskona. Idanunsa sun yi ja.

"Bushira, sake hwaɗa mani abin da kika ce a likita. A hankali."

Na faɗa masa. Wannan karon duk tasha ta saurara.

Rumfar ta rufe, har yau ba ta sake buɗewa ba. Hussaina ta zo gidana da kanta tana kuka, ta ce in nuna mata kabarin ta nemi gafara. Hamisu na nan, yana zama a ƙofar gida, duk wanda ya tsaya sai ya ce masa annoba ce ta karya shi. Annoba ta karya mutane da yawa a garin nan. Mai shayi ya karye ya tashi, ni ma na kunna firigona. Ba wanda ya sayar da sunan yayarsa don ya tashi sai shi. Wasu na ce mani in bar maganar, ai an wanke ta, kowa ya san gaskiya yanzu. An wanke ta a kunnen wa? Ita dai abin da ta ji na ƙarshe daga garin nan zagi ne, daga bakin ƙaninta kuma ƙarya.

Kullum in zan je kasuwa ta ƙofar gidansu nake bi, in wuce ta gaban likita. Ko gumi ba na yi kafin in isa.